Raddi Ga Masu Cewa Ɗanɗano Ba Sha Ba Ne

Da sunan Allah na fara, gare Shi na ke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, wannan takarda ta fito daga hannun ɗan'uwanku zuwa ga malamai da almajirai, na gida da waɗanda neman ilmi ya kai su ƙasashen Turawa. Dalilin rubuta ta wata shubuha ce da na ji da kunnena daga bakin yaron da na yi wa fatiha da hannuna, na kuma ga aikinta da idona. Ba zan faɗi sunansa ba, domin suturce Musulmi wajibi ne. Amma shubuhar ba ta da haƙƙin sutura, don haka zan kwance mata zane a kasuwa.

Fasali na farko, a kan abin da na gani.

Ku sani, a cikin watan Satumba na shekarar 2019 na tafi Amurka ziyarar ɗan ƙanena, wanda ke karatun aikin gona a jihar Oregon. Lokacin ya dace da girbin wani tsiro da su ke kira hof, sai ya kai ni wata gona in gani. Na iske turaku dogaye a jere, an ɗaure waya a bisansu, igiyoyi na saukowa har ƙasa, tsiron kuwa yana nannaɗe igiya yana hawa har mita biyar ko shida. Furen macen kaɗai a ke so. Kore ne, kamar ɗan ƙullin ganye, bai wuce gaɓar babban yatsa ba. Na tsinki ɗaya na murza a tafin hannuna, sai ga wani gari rawaya kamar garin ɗorawa, mai danƙo, ƙanshinsa kamar an ɓare ɓawon lemo kusa da furanni. Na yi tasbihi, domin halitta ce kyakkyawa.

Da yamma abokan karatunsa suka ce a tsaya wani ɗan gida a ci abinci. Muna shiga na ga manyan tukwane na ƙarfe a bayan gilashi, na gane gidan dafa giya ne. Aka kawo wani ɗan katako mai ramuka huɗu, kowane rami da ƙaramin kofi. Mai gidan ya tsaya yana bayani kamar malami a zaure: wannan, in ji shi, an yi ta da irin hof guda tak, wanda a ke kira Cascade, ba a gauraya shi da wani ba, domin mai ɗanɗano ya san halinsa shi kaɗai. Sai na ga ɗana ya ɗauki kofi, ya ɗaga shi wajen haske, ya juya shi, ya shinshina, ya kurɓa, ya haɗiye, kana ya ɗauko alƙalami ya rubuta a takarda.

Ni kuwa me na yi? Na zauna shiru da kofin ruwa a gabana, kunyar baƙi ta ɗaure mini baki da ƙafa. Alhali na san hadisin da Tirmizi ya ruwaito na hana mumini zama a kan teburin da a ke zagayawa da giya, na kuma karantar da shi ba sau ɗaya ba. Ina neman gafarar Allah a kan wannan zama. Na ambace shi ne don kada wani ya zaci daga kan buzun tsarkaka na ke magana.

Da muka fito na ce masa, "Ɗana, me na gani?" Ya ce, "Baffa, Allah ya gafarta malam, ai ban sha ba, ɗanɗanawa na yi." Sa'an nan ya jera mini hujja huɗu, a natse, ba da rashin kunya ba. Wannan natsuwa ita ta fi tsoratar da ni, domin na gane ya daɗe yana shirya su a zuciyarsa. Kafin in kawo su, tilas in bayyana muku abin da a ke magana a kansa, domin hukunci a kan abu reshe ne na sanin abin.

Fasali na biyu, a kan asalin wannan giya da yadda a ke yin ta.

Abu huɗu a ke haɗawa: ruwa, da sha'ir, da hof, da yisti. A jiƙa sha'ir har ya tsiro, a busar da shi, a ɓarza, a zuba cikin ruwan zafi har garinsa ya koma zaƙi. Duk matar da ta taɓa sa tsiro a kunun zaƙi ta san wannan aiki. Sa'an nan a tace, a tafasa ruwan tare da hof. Wanda aka sa tun farkon tafasa shi ke ba da ɗaci, wanda aka sa a ƙarshe shi ke ba da ƙanshi. In ya huce a zuba yisti a rufe kwanaki, yisti ya cinye zaƙin, ya fitar da iska da kuma sinadarin maye. To, ku lura: hof ba shi ya ke kawo maye ba. Aikinsa ɗaci da ƙanshi da hana giya saurin lalacewa. Maye daga zaƙin hatsi da yisti ya ke fitowa, kamar yadda ya ke fitowa a tukunyar burkutu ta dawa, ba bambanci ko na ƙwayar zarra.

Sunan irin wannan giya a bakinsu fel-el, watau giya mai hasken launi. Asalinta Ingila, tun wajen farkon ƙarni na 18, sa'ad da suka koyi busar da tsiro ba tare da hayaƙi ya baƙanta shi ba. Garin Baton da ke bakin kogin Tirent ya yi suna da ita saboda ruwan rijiyoyinsa, har kamfanin Bass na garin ya zama na farko da aka yi wa rajistar tambarin ciniki a Ingila a 1876. A Jamus kuma tun 1516 sarakunan Bafariya suka kafa doka kada a sa kome a giya sai ruwa da sha'ir da hof.

Amurka kuwa ta haramta sayar da giya da dokar ƙasa daga 1920 zuwa 1933. Bayan an janye dokar manyan kamfanoni suka rinjayi kasuwa, har a ƙarshen shekarun 1970 gidajen dafa giya ba su kai 100 ba a ƙasar duka. A farkon shekarun nan ne masanan gona na gwamnati a Oregon suka fitar da irin Cascade. A 1975 wani gida a San Faransisko ya yi giya mai suna Liberty Ale da shi kaɗai. A 1978 Shugaba Jimi Kata ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum dafa giya a ɗakinsa. A 1980 Sierra Nevada ta fara dafa tata fel-el a garin Ciko na Kalifoniya. Daga nan ƙananan gidaje suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, har a 2022 suka haura 9,000. Su ne su ke kiran abinsu giyar gwanaye, suna bambanta kansu da giyar kamfani.

Fasali na uku, a kan hujjojin nan huɗu da jawabinsu.

Hujja ta farko: ɗanɗano ba sha ba ne, ga shi ma mai azumi kan ɗanɗana miya.

Jawabi: ya kai almajiri, wannan ƙiyasi gurgu ne ta ƙafa biyu. Ƙafa ta farko, miya halal ce a zatinta, lokaci ne kawai ya hana ta, da rana ta faɗi ta halatta. Giya kuwa haram ce a zatinta, dare da rana, kuma najasa ce a wurin jamhurun malamai. Ƙafa ta biyu, mai azumi tofarwa ya ke yi, duk da haka malamanmu na Malikiyya sun karhanta masa. Mai ɗanɗanon giyar sha'ir kuwa haɗiyewa ya ke yi. Su kansu gwanayen abin sun ce ba a gane ɗacin hof sosai sai ya wuce maƙogwaro, don haka alƙalansu ba su tofarwa. Abin da ya shiga baki ya wuce maƙoshi ya sauka ciki, in ba sha ba ne, to, a kawo mana sunansa a Hausa ko a Larabci.

Sa'an nan mu yi lissafi, tun da su mutanen lissafi ne. Kwalbar Sierra Nevada Pale Ale mililita 355 ce, kashi 5.6 cikin ɗari nata sinadarin maye ne, watau kusan mililita 20. Ƙaramin kofin wuski da mashayi kan ɗaga lokaci ɗaya mililita 44 ne, kashi 40 cikin ɗari, watau bai cika mililita 18 ba. Ashe kwalba guda ta giyar gwanaye ta fi kofin barasa. Kofunan nan huɗu na kan katako kuwa, in kowane ya ɗauki mililita 120, sun tashi 480, sun wuce kwalba. Wanda ya ƙare katakonsa ya sha kwalba da ɗoriya, yana cewa bai sha ba.

Hujja ta biyu: hamru na inabi ne, wannan kuwa ta sha'ir ce, kuma Imamu Abu Hanifa ya sassauta a kan abin da aka yi da hatsi.

Jawabi: na yarda akwai wannan magana a littattafan Hanafiyya, ba zan ɓoye ilmi don in ci gardama ba. An ruwaito daga Abu Hanifa da Abu Yusufa cewa abin sha na zuma ko alkama ko sha'ir bai haramta ba matuƙar bai kai ga maye ba. Amma sun gindaya sharaɗi: kada a sha don wasa da nishaɗi. To, wanda ya zauna cikin kiɗa da raha yana juya kofi a haske, don ƙarfin tsayuwar dare ya ke yi? Bayan haka, almajirinsa Muhammadu ɗan Hasan Shaibani ya haramta kaɗan da mai yawa, kuma a kan maganarsa malaman mazhabar na baya suka tsai da fatawa. Maliku da Shafi'i da Ahmadu duk sun haramta. Wanda ya bar mazhabar da ya tashi a cikinta ya tafi wata, ya tsallake fatawarta, ya ɗauki zancen da aka bari, ya kuma yar da sharaɗinsa, wannan ba mabiyin Abu Hanifa ba ne, mabiyin maƙoshinsa ne.

Ga nassi kuma a sarari. Buhari ya ruwaito cewa Abu Musa Ash'ari ya tambayi Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, a kan abin sha biyu na mutanen Yaman, ɗaya na zuma, ɗaya na sha'ir, jawabin kuwa ya game duk mai sa maye da haramci. Sayyidina Umaru ya hau mumbari ya lissafa abubuwa biyar da a ke yin hamru da su a lokacin da haramci ya sauka, sha'ir yana cikinsu. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hukuncin cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Bayan wannan ina sauran ƙofa?

Hujja ta uku: wannan sana'a ce da ilmi, ba shashanci ba. Masu yin ta sun san ƙasa da ruwa da iri, masu shan ta kuma ba don maye su ke yi ba, don ƙanshi ne.

Jawabi: ban musa gwanintarsu ba. Na ga tsabtar tukwanensu, na ga yadda su ke auna zafi da lokaci, na yi fatan masu sana'o'inmu na halal su yi rabin wannan kula. Amma gwaninta ba ta halatta haram. Maƙerin da ya ƙera gunki da kyau bai fi wanda ya ƙera shi a karkace kusa da gaskiya ba. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta riga ta tabbatar da cewa akwai amfani a cikin giya, kana ta rinjayar da zunubinta a kan amfanin. Sa'an nan aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, kana aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida suka rufe ƙofar da umurnin nisanta. Nisanta aka ce, wanda ya fi hana sha faɗi. Ran da wannan ta sauka Anas ɗan Maliku yana zuba wa mutane a gidan Abu Ɗalha, aka ce ya fita ya zubar, har ta gudana a titunan Madina. Ba wanda ya ce a rage ɗan kofi domin wannan dabinon na musamman ne.

In kuwa ƙanshi a ke so da gaske, to, ga gwaji mai sauƙi. A ƙasar nan tasu a kan sayar da ruwan hof, ruwa ne mai iska da aka jiƙa furen a ciki, ba hatsi, ba yisti, ba maye, ƙanshin kuwa yana nan. Na ce wa ɗana, me ya hana ka wannan? Ya yi shiru. Domin zuciya ta san abin da ta ke nema a ƙarƙashin ƙanshin, ko da harshe ya ƙi faɗi. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito gargaɗin cewa wasu mutane daga al'umman nan za su sha giya suna kiran ta da wani suna. Da mun zaci suna guda za a sake mata. Ashe har ƙamus za a rubuta mata, a ce wannan mai ƙanshin lemo ce, waccan mai ƙanshin mangwaro.

Hujja ta huɗu: kaɗan ba ta cutarwa, ga su nan suna sha lafiya lau, suna zuwa aiki da safe.

Jawabi: mu dai ba mu jira likita kafin mu bi umurnin Ubangiji. Amma tun da ka kira shaidu daga cikinsu, bari su yi magana. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa giya a sahun farko na abubuwan da ke jawo ciwon daji, sahu ɗaya da taba. A watan Janairu na 2023 hukumar ta bayyana cewa babu wani gwargwado na giya da za a ce ba ya cutar da lafiya. A rahotonta na 2024 ta ce mutum miliyan 2.6 suka mutu a duniya a 2019 ta dalilin giya. Hanta ba ta san Cascade ba, ba ta san mai gidan gwani ne ba. Abin da ya iso gare ta daga kofin gwani shi ne ya iso gare ta daga ƙoƙon burkutu. Kuma duk mashayin da aka tsinta a kwata, da kurɓi guda ya fara, yana cewa shi ya san iyakarsa.

Fasali na huɗu, a kan laifinmu mu malamai.

Kada mu ɗora wa yara kaya duka. Ɗana ya gaya mini ya taɓa aika tambaya gida ga wani malami, aka amsa masa cewa furen hof kansa haram ne domin wiwi ne. Gaskiya ne masana tsirrai sun sa su a dangi ɗaya, amma hof ba shi da sinadarin nan da ke bugarwa a wiwi, yaron kuwa ya san haka domin fanninsa ne. Da ya ga malam ya yi kuskure a abin da shi ya sani, sai ya daina amincewa da shi a abin da bai sani ba. Ta wannan ɓaraka shaiɗan ya shiga. Ya ku malamai, wanda ya haramta halal da jahilci yana share wa mai halatta haram hanya. Hof tsiro ne mai tsarki, sha'ir abinci ne, yisti da shi a ke yin burodi. Haram na faruwa ne sa'ad da aka haɗa su suka zama abin sha mai bugarwa. In tambaya ta zo daga nesa, a binciki surar abin tukuna, kana a ba da fatawa. Faɗin ban sani ba bai taɓa rage wa malami daraja ba.

Laifi na biyu, mukan tura yaro ƙasar da giya ke kan kowane tebur, mu ba shi guzurin kilishi da yaji, ba mu ba shi guzurin hujja ba. Ya san giya haram ce kamar yadda ya san sunan kakansa, amma bai san dalilin ba, bai san amsar da zai ba abokin da ya zo masa da murmushi da lissafi ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ku karantar da babin abin sha da hujjojinsa da saɓaninsa tun yaro yana gabanku, domin gara ya ji maganar Abu Hanifa daga bakinku tare da jawabinta da ya ji ta a bakin mai tallar giya tsirara.

Cikawa.

Bayan na komo gida da wata biyu ɗana ya rubuto mini cewa ya bar wannan tebur, na gode wa Allah. Amma ya biyo da tambayar da ta fi ta farko nauyi: mene ne hukuncin aikin da ya ke yi a gonar hof, tun da kusan duk abin da aka girbe gidan giya ya ke tafiya? Na amsa masa da abin da na sani, cewa malamanmu sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, kuma hadisin da ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kan giya bai tsaya ga mai sha kaɗai ba, ya haɗa da mai matsawa da mai ɗauka da mai saye da mai sayarwa. Na ce masa ilmin cutar tsiro da ban ruwa da zaɓen iri halal ne, ya kwashe shi duka, amma ya nemi a mai da bincikensa kan alkama ko wani abin da a ke ci, domin gonakin dawa da gero na jiran irinsa a gida. Wannan ra'ayina ne, ina roƙon malaman da suka fi ni sani su duba mas'alar su rubuto, a buga a wannan takarda kowa ya amfana.

Kai kuma almajiri da ke can, in aka miƙo maka ɗan kofi aka ce ɗanɗana kawai, ka ce na gode, addinina ya hana ni, ka tashi. Na zauna cikinsu, na ga mafi yawansu ba su tilasta kowa, sukan ma girmama mai riƙe da abinsa. Kada ka yi irin kunyar da na yi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a inda idonmu ba ya kaiwa, ya karɓi tubanmu, ya sa mu cika da imani. Amin.